Jagora Ya Kashe Mini Jarumi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Mutuwa a Wasan Tebur

Wasiƙun wannan makon duk kan mutuwa suka taru. Kada hankali ya tashi, mutuwar jaruman takarda ce. Ga wanda bai saba ba: a Dungeons & Dragons da ire-irensa, mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, ko tabarma in irin namu ne, kowa da jarumin da ya ƙirƙira ya rubuta a takarda. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni da tarkuna. In aka zo wurin da babu tabbas, sai a jefa dayis, irin ƙwayar ludo amma mai fuska 20, shi zai raba gardama.

Malam, ni ke jagorantar wasanmu a Kaduna, shekara ɗaya da rabi ke nan muna buga D&D bugu na biyar. Mutanena sun raina ni. Duk dodon da na jefo musu sai su murƙushe shi, wanda ya faɗi a tashe shi ana dariya. An ce min akwai Tomb of Horrors a cikin littafin Tales from the Yawning Portal. In saya in koya musu hankali?

Ɗan'uwa, littafin ya cancanci kuɗinsa, niyyar ce nake jin tsoro.

Gary Gygax, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fito da D&D a 1974, shi ya rubuta Tomb of Horrors don gasar da aka yi a taron Origins na 1975 a Amurka, aka buga shi a 1978. Kabari ne na wani matsafi mai suna Acererak. Mashiga uku gare shi, biyu na bogi ne masu halaka mai shiga. A ƙarshen hanyar gaskiyar akwai wata koriyar fuskar shaiɗan a jikin bango, baki buɗe, cikinsa baƙi wuluk. Duk wanda ya zura jiki cikin bakin nan ya tafi ke nan, ko gawa ba a samu. Shekaru sama da 40 mutane na zura kai, har yau ana zurawa.

Abin lura shi ne waɗanda aka rubuta wa shi. 'Yan gasa ne, aka miƙa musu jarumai shiryayyu a takarda, suka yi 'yan sa'o'i aka tashi. Wanda nasa ya mutu ya kaɗe riga ya tafi cin abinci. Kai kuma kana so ka tura jaruman da aka yi wata 18 ana reno, masu dangi da bashi da alkawarin aure a cikin labari, cikin bakin nan. Ranar za ka ji daɗi. Mako mai zuwa kuma za ka shimfiɗa tabarma ka yi ta duba waya.

Mutanenka ba raina ka suka yi ba, dokar bugu na biyar ce ta tsaya musu. Jarumi in makin ransa ya ƙare ba ya mutuwa nan take, suma yake yi. Duk zagaye ya jefa dayis mai fuska 20: 10 zuwa sama nasara, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. In 1 ta fito faɗuwa biyu ce, in 20 ta fito ya farfaɗo da maki ɗaya. Ko an bar shi kwance ba mai taɓa shi, kusan kashi 60 cikin 100 tsira yake yi, ga kuma mai warakar ƙungiya da zai tashe shi da kalma ɗaya daga nesa. Daga mataki na biyar na ci gaban jarumi kuma sai sihirin Revivify ya shigo, mai dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya da ya wuce, in akwai lu'ulu'u na zinare 300. Raise Dead yana kaiwa kwana 10, da lu'ulu'u na 500. To ina tsoro zai fito?

Maganin yana cikin littattafan da kake da su. Lu'ulu'un nan, wa ke sayar musu? Kai ne. Ka sa ya yi wuya, a ce sai birni ɗaya ake samunsa, a hannun attajirin da zai nemi wata buƙata tukuna. Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa kan faɗa shida zuwa takwas a yini guda kafin a yi dogon hutu. Na tabbata kai ɗaya ko biyu kake ba su, su kwana su tashi garau kamar ba a yi ba. Sannan dodo mai wayo ba zai bar wanda ya suma ya huta ba. Sara ɗaya daga kusa a kan sumamme faɗuwa biyu ce. Ka ga an zo bakin kabari ba tare da ka kashe ko kwabo ba.

Sai dai ka faɗa musu tukuna. Ka ce, "Jama'a, daga wata mai kamawa ƙasar nan za ta yi zafi, wanda ya faɗi zai iya tafiya." In kunne ya ji, jiki ya tsira. In suka amince kuma kana son doguwar tafiya mai haɗari, Tomb of Annihilation na 2017 ya fi dacewa da kai: a labarinsa wata la'ana ce ta sauka ta hana tayar da matattu a duniya baki ɗaya, har da zaɓin ɗaga ma'aunin tsira daga 10 zuwa 15. Shi kuwa Yawning Portal, kasada bakwai ne a cikinsa, ka saya don sauran shidan. Kabarin Acererak ka ajiye shi sai daren hutun Sallah, kowa da sabon jarumi biyu, a kawo tsire, a mutu ana dariya.

Yaya, wata takwas ina wasa da wata maharbiya, har na biya mai zane ya zana min ita. Makon jiya na yi tafiya biki ban je ba. Na dawo aka ce jagora ya motsa ta da kansa, ta shiga gaba a wani kogo, ta mutu. Ya ce duniya ba ta jiran kowa. In bar ƙungiyar? In kuma na zauna, in sake biyan zane?

Ƙanwata, an zalunce ki, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Ina cikin masu son wasa mai tsanani. Amma tsananin da nake karewa shi ne wanda ɗan wasa ya ga alama, ya auna, ya zaɓa, dayis ya ƙi shi. Ke ba ki ga alama ba, ba ki zaɓi komai ba, kina can ana rabon alawar biki. A yawancin teburan da na sani, jarumin wanda bai zo ba yakan koma baya, ya tsare jakuna ko ya kwanta zazzaɓi, ba ya samun ganima, ba ya kuma mutuwa. Wanda ya sa maharbiya, mai yaƙi daga nesa, ta shige gaba a kogo, ko dai bai san aikinta ba ko yana da wata a ƙasa.

Ni ma na taɓa kashe wa aboki jarumi, shi ya sa nake jin abin. A soron gidanmu ne, an ɗauke wuta, muna haska taswira da fitilar waya. Akwai wata gada ta igiya a kan kwazazzabo. Na ce igiyar ta tsufa. Na ce an ga ƙasusuwa a ƙasa. Mayaƙinsa na sanye da sulke mai nauyi, sauran suka ce ya tuɓe, ya ce shi ba ya tuɓe wa gada. Ya jefa dayis, ya gangara ya shige ƙarƙashin farantin shayi. Muka ɗaga faranti gaba ɗayanmu, 1 ce. Ya yi shiru, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya ce in ba shi sabuwa. Har yau in mun haɗu, gadar nan ce hirarmu, kuma shi ke fara dariyar. Sau biyu na gargaɗe shi, shi ya jefa da hannunsa. Da a bayan idonsa na yi, da yanzu gaisuwa ma sai a hankali.

Kada ki fita tukuna. Ki same shi ke da shi, ba a gaban jama'a ko a rukunin WhatsApp ba, don jagora in aka ƙure shi a bainar jama'a sai ya kafe. Ki ce masa ba ki yarda da mutuwar da aka yi ba kya nan ba, ki nemi ɗaya daga cikin biyu: ko a mayar da hannun agogo, ko a ce kama ta aka yi, ƙungiya ta je ceto. Na biyun ma kyauta ce gare shi, ya samu labarin wata guda. Sannan ki nemi a zauna a yanke doka kan wanda bai zo ba. Irin wannan zaman na share fage, da ake yi kafin a fara tafiya, har a littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 an yi masa sashe, don haka ba baƙon abu kika kawo ba. In ya ƙi duka biyun yana ta maimaita miki maganar duniya, to ki ɗauki dayis ɗinki. Mai son mulki ne ya samu tebur.

Zane kuwa, ki dakata har sabon jarumi ya kai mataki na biyar. Matakan farko su ne masu cin rai. Ko a Lost Mine of Phandelver, kasadar koyo da aka sa a akwatin farawa na 2014, kwanton ɓaunar goblin huɗu, wasu ƙananan dodanni, da ke buɗe labarin ya sha kwantar da sababbin ƙungiyoyi tun kafin su san sunan juna. Tsohon zanen kuma ki adana, kuɗinki bai faɗi ba.

Malam, ya kamata in sayi allon shamakin nan da jagora ke ɓuya a bayansa? 'Yan wasana na zargin ina yi wa dayis ƙarya.

Kana yi? In kana yi, shamaki zai ƙara musu zargi. In ba ka yi, me za ka ɓoye?

Amfaninsa na gaskiya biyu ne, rufe taswira da bayananka, da kuma jadawalin dokoki da ke jikinsa ta ciki. Kwalin taliya da ka yanka gida uku ka liƙa takardu zai yi maka wannan. Amma duk jifan da rai ya rataya a kai, ka miƙa hannu tsakiyar tebur ka jefa kowa na kallo, ka kuma faɗi lambar da ake nema kafin ka saki. Jagora mai sassauta dayis a ɓoye yana ganin tausayi yake yi, alhali ranar da wani ya mutu kowa zai ce ai ya ga dama ne yau bai cece shi ba.

Mu shida ne, ɗalibai a Zariya. Mun fi son wasan da ake mutuwa da gaske, amma aljihu ba nauyi. Littafin D&D ɗaya dala 50, ga kuɗin kawowa. Me za mu saya?

Kada ku sayi komai a watan farko. Basic Fantasy kyauta ne gaba ɗayansa a intanet. Ku sauke, ku kai shagon buga takardu a ɗaure muku. Salon tsohon D&D ne na 1981, inda matsafi ke farawa da makin rai 1 zuwa 4, sara ɗaya ta gama da shi, ba suma ba jifa uku. Old-School Essentials ma wannan dokar ta 1981 ya sake tsarawa tsaf, kuma akwai taƙaitaccensa kyauta. A dokar ta 1981 zinaren da ka fito da shi daga rami shi ne mafi yawan makin ci gabanka, don haka mai wayo yakan lallaɓa ya kwashe dukiya ya bar dodo yana barci. Sabon jarumi kuma minti 10 ya ishe shi, shi ya sa mutuwar ba ta zafi sosai.

Shadowdark na 2023 zai fi wa wanda ya saba da bugu na biyar sauƙi. Wutar tocinsa, irin ta itace da tsumma, awa ɗaya take yi ta agogon gaske; ku sa waya ta ƙirga, ku ga yadda masu dogon shawara za su koyi sauri. Shi ma yana da littafin gwaji kyauta.

In da ni ne ku, da Dungeon Crawl Classics zan buɗe, na kamfanin Goodman Games da ya fito a 2012. Zaman farko kowa ƙauyawa uku ko huɗu ake ba shi, ba mayaƙi ko ɗaya: manomi da kazarsa, makiyayi, mai yin kyandir, har da mai kwasar masai da buhunsa. Ku biyar, in an cire jagora, kun tashi da mutum 15 zuwa 20, a tura su rami. Wanda ya fito da rai shi ne jaruminka, kuma sau da yawa ba wanda ka sa wa rai ba ne ke fitowa. Kasadar Sailors on the Starless Sea don wannan aka rubuta ta. Matsalarsa ɗaya, yana amfani da dayis da ba a cika samu ba, masu fuska 3, 5, 7, 14, 16, 24 da 30. Kada ku yi odarsu daga waje tukuna, manhajar jefa dayis a waya za ta yi muku. Ku haɗa kuɗi ku sayi saitin dayis bakwai na yau da kullum guda biyu, da fensir da abin gogewa masu yawa, don takardun da za ku cika daren farko za su iya kai 20.