Ƙanena ya ajiye maganinsa, wai odiyo ne zai gyara masa ɓoyayyen tunani

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ƙanena yana da ciwon damuwa, likita ya ɗora shi a kan magani, amma sati uku ke nan ya ajiye. Kullum da dare sai ya toshe kunne da wani odiyo na YouTube mai ƙarar ruwan sama, wai a ƙarƙashinsa akwai maganganun da kunne ba ya kamawa amma sabkonshos, wato ɓoyayyen tunanin da mutum bai san yana aiki ba, yana ji, kuma wai wannan sabkonshos ɗin ne ke tafiyar da kashi 95 na rayuwar mutum. Na ɗan karanta ilimin halayyar ɗan Adam, na san ƙwaƙwalwa tana ɗaukar abin da mutum bai san ya gani ba, shi ya sa na rasa bakin musa masa. Wallahi ina tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsoronki yana kan hanya, kuma abin da kika karanta ɗin ma gaskiya ne. Tun 1974 Lawrence Weiskrantz, wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Oxford, da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majinyaci da aka cire wa wani yanki na sashen gani a bayan ƙwaƙwalwa, ya daina ganin abin da ke gefen hagunsa, amma idan aka haska abu a gefen aka matsa masa ya canka, sai ya nuna wurin daidai fiye da yadda sa'a za ta ba shi, yana kuma cewa shi fa bai ga komai ba. Masana falsafa har gobe suna jayayya a kan ko za a kira wannan gani. Ki dai lura sai an tilasta masa canka, kuma abin da yake kamawa ɗan kaɗan ne, wuri, motsi, layi a tsaye ko a kwance. Ba ya karanta jarida da wannan gefen.

To a nan 'yan damfara suke shigowa, kuma wallahi na gaji da jin wannan magana, kusan kullum sai an kawo min ita. Sun ɗauki abu na gaskiya sun ƙera masa mutum. A tunaninsu akwai wani ɗan mutum zaune a cikin kanka, yana da nasa kunnen, yana jin yare, yana fahimtar jimla, ba ya barci, kuma duk abin da aka raɗa masa sai ya aikata. Wannan tsohon kuskure ne a falsafar tunani, a ce za a bayyana yadda mutum yake ji da fahimta, sai a saka wani ƙaramin mai ji da fahimta a cikinsa, to shi kuma wa ke zaune a cikin nasa kan? Abin da muke kira aikin da ƙwaƙwalwa ke yi ba tare da mutum ya sani ba tarin ƙananan ayyuka ne, wannan yana auna haske, wancan yana rarrabe sauti, wani yana riƙe miki daidaito kada ki faɗi, babu ɗaya a cikinsu da ke zaune yana sauraron nasiha. A ɗakin gwaji ana haska kalma ɗaya a rufe ta nan take, sai ta ɗan sauya saurin da mutum zai gane kalmar da ta biyo baya, kuma wani masanin halayyar ɗan Adam, Anthony Greenwald, ya nuna a 1996 cewa wannan tasirin yana dushewa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Abin da bai kai ƙiftawar ido ba shi za a ce ya maye gurbin magani?

Shi kuma kashi 95 ɗin nan, ki tambaye shi kashi 95 na me? Da wane ma'auni aka auna? Tunani ba a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya balle a raba shi kashi-kashi, lamba ce kawai da ake yawo da ita don magana ta yi kama da kimiyya.

Kasuwar ma da ƙarya aka buɗe ta. A 1957 wani ɗan talla a Amurka, James Vicary, ya ce ya riƙa haska umarnin a sha Coca-Cola a allon silima a garin Fort Lee, da saurin da ido ba ya kamawa, wai ciniki ya ƙaru. Hankalin mutane ya tashi sosai. A 1962 da bakinsa ya amsa cewa ba shi da wani binciken kirki, dabarar ceto kamfaninsa ce. Sai kuma 1991, Greenwald ɗin nan da abokansa suka gwada irin kaset ɗin da ake sayarwa a lokacin, na ƙara ƙarfin tuna abu da na ƙara yarda da kai, suka raba wa mutane sama da 200 su saurara wata guda, amma suka sauya wa wasu takardar da ke manne a jikin kaset ɗin. Da aka auna, abin da ke cikin kaset ɗin bai yi aikin da aka ce yana yi ba, kuma sauyin da mutane suka ce sun ji ya bi abin da aka rubuta a takardar ne. Batun koyo a cikin barci kuwa tun 1956 wasu masu bincike biyu, Simon da Emmons, suka sa na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa suka ga abin da mutane suka tuna shi ne wanda aka kunna musu suna farke ko suna gyangyaɗi. Mai barci yana iya haɗa wani sauti da wani wari, an nuna hakan a 2012, amma daga nan zuwa fahimtar jimla tafiya ce mai nisa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da suke faɗa idan abu bai yi ba. Sai su ce ai sabkonshos ɗinka ne yake tirjewa, ba ka yi imani sosai ba, ƙara sauraro. Wato in ya ji sauƙi su ne, in ya ƙara lalacewa laifinsa ne. A ɗora wa mai ciwon damuwa, wanda dama ciwon nasa yake sa shi ganin kansa ba komai ba, wani sabon laifin kuma? Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a. Kuna tara masu kallo da lafiyar 'ya'yan mutane, ranar da yaro ya faɗi ba za a gan ku ba, 'yar uwarsa ce za ta kwana a kansa.

Yanzu ke, kada ki tsaya cin nasara a gardama, kuma kada ki ƙwace masa waya. Ƙarar ruwan sama in tana sa shi barci ya ci gaba da ji, ba ita ce matsalar ba. Yawancin magungunan damuwa ba a yanke su lokaci ɗaya, suna iya kawo jiri, rashin barci da tashin hankali, ciwon kuma yana iya dawowa. Kada kuma ki mayar da shi kan tsohon adadin da kanki bayan sati uku, likitan da ya rubuta ne zai faɗi yadda za a koma, ki raka shi cikin satin nan. Ki zauna da shi ki tambaye shi me ya sa ya gudu daga maganin, sau da yawa akwai wata illa da yake jin nauyin faɗa. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. In ya ce e, a ranar za ku tafi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai.