Alhaji, kafin ka ɗoro kaya daga Jos zuwa Kumasi

Alhaji, mun amsa gaisuwarka, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Abu biyu ka tambaya. In ka ɗoro kaya daga Farin Gada ka sauke a Kumasi, za ka iya kama shago ka zauna kamar yadda ka ji muna zaune? Kuma in da gaske gwamnatin Gana ta hana baƙi ciniki a kasuwa, yaya aka yi Hausawa suka cika unguwannin Aboabo da Alabar da Nima ba wanda ya ce musu kanzil?

Ta biyun ce ke buɗe ta farkon. Mu Hausawan Gana a takarda ba baƙi ba ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, babbar kasuwarsu Salaga. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 goro ya rage zuwa Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa watsa garin, jama'a suka bazu Kete Krachi da Kintampo, daga baya Kumasi da Akra. Wasu kuma aikin soja ya kawo su. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Da wannan muke riƙe da katin ɗan ƙasa, muna zaɓe, muna kama rumfa. Zango kuma, wato unguwannin da muke zaune a biranen Gana, ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa ce harshen da ya haɗa kowa. Sarkin Zango na Kumasi kansa yana kai gaisuwa fadar Manhyia, don ƙasar ta Sarkin Asante ce.

Duk da haka takardar ba ta zuwa a sauƙaƙe. A wurin rajista, mai sunan Hausa kan sha tambayar ina ne asalin garinku fiye da maƙwabcinsa. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba. Shi ya sa a gidan Zango za ka tarar da tsohuwar akwati cike da fasfo na kaka, da rasit na harajin gida, da takardar sallama daga soja, ana adana su kamar takardar gado.

Tsoron yana da tushe. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama kwana 14 ya fita. Mutane suka sayar da gidaje da motoci a wulaƙance, har da waɗanda a nan aka haife su. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka kwaso kaya. A duka biyun aljihun gwamnati ne ya fara ramewa kafin a tuna da baƙo: a Gana rashin aiki da bashi, a Najeriya faɗuwar kuɗin man fetur. Jam'iyyar NPP, wadda ta gaji gidan siyasar Busia, ta daɗe tana neman wanke wannan tabo a Zango. A 2017 shugaban Gana na lokacin, Akufo-Addo na NPP, ya kafa ma'aikatar raya Zango da asusu na musamman.

To ga dokar da za ta tare ka. Dokar hukumar zuba jari ce, GIPC, ta 2013, mai lamba 865. Ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa, da tireda, da talla, da rumfa a ko'ina take. Haka aski da gyaran gashi, da ruwan leda, da sayar da magani ɗai-ɗai, da tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Baƙon da ke son kasuwancin saye da sayarwa sai ya shigo da dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki ƙwararrun 'yan Gana 20 aiki. In ba saye da sayarwa ba ne, kamfani naka kai kaɗai dala dubu 500, na haɗin gwiwa da ɗan ƙasa mai aƙalla kashi 10 cikin 100 dala dubu 200. Mai kafa masana'anta da mai saye a Gana don fitarwa waje kawai an ɗauke musu wannan sharaɗin jari. A 2025 Shugaba Mahama ya yi maganar gyara dokar a cire sharaɗin, don haka ka bi ta ofishin jakadancin Gana a Abuja ka ji inda aka kwana kafin ka ƙulla komai.

Za ka ce ina ECOWAS? Yarjejeniyar 1979 ta ba ka shiga ba biza da zaman kwana 90, ƙarin da aka yi a 1986 da 1990 ya yi maganar zama da kafa sana'a. Najeriya da wannan take kafa hujja, Gana kuwa ta ce dokarta tana nan. Abin ya yi zafi a 2019. A watan Agusta Buhari ya rufe iyakokin ƙasa, motocin 'yan kasuwar Gana suka maƙale a Seme, ƙungiyarsu ta GUTA ta riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra, akasari masu kayan gyaran mota da wayar hannu. A Yunin 2020 wasu suka rushe gini a filin ofishin jakadancin Najeriya a Akra, sai da Akufo-Addo ya kira Buhari ya ba da haƙuri. A Satumba Femi Gbajabiamila, kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ya zo Akra sulhu. Aka buɗe iyaka a Disamba, doka ba ta motsa ba. A 2020 ɗin dai aka buɗe hedikwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Akra. A ganinmu kowace ƙasa tana son ƙofar maƙwabci a buɗe, tata a saye.

Saboda haka baƙon fatake ba ya zuwa Zango ya nemi shago, maigida yake nema. Haka ake yi tun zamanin goro, kuma shi ne tsarin da ya fi nisa da rikicin doka, don kai mai kawo kaya ne, mai sayarwa ɗan ƙasa. Kafin mota ta tashi ka aika wa maigida irin kayan da yawansu. Shi zai ba ka masauki, ya ajiye kayan a sitonsa, ya gabatar da kai ga shugaban 'yan wannan kaya, dillalansa su nemo masu saye. Yawancin ciniki bashi ne na mako ɗaya zuwa uku, kuma maigida ne ke tsaya wa mai saye. In mai saye ya gudu, shi ke biya, ladan da yake karɓa a kan kowane buhu kuɗin wannan lamuni ne. A yanke lada, da kuɗin 'yan dako, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya ruɓe a sito, tun kafin a kwance igiyar tamfol. In an fara saukewa ba a yanke ba, ka rasa bakin magana. A auna buhu ma a gaban shaidu, don buhun Jos da na Kumasi ba cikinsu ɗaya ba, kuma rabin rigimar da ake kaiwa gaban manya daga nan take tashi. In saɓani ya faru, ana farawa da maigida, sai shugaban kasuwa, sai liman ko Sarkin Zango. Wanda ya tsallake waɗannan ya kira 'yan sanda, ko ya ci shari'a da wuya ya sake samun mai saukar da shi.

Akwai wata hanya da za a raɗa maka a kunne: ka ba da kuɗi, ɗan Zango ya yi rajistar shago da sunansa. Kada ka yi. Aron suna zagaye doka ne. Ko hukuma ba ta gano ba, ranar da mai sunan ya rasu magada za su lissafa shagon cikin gado, kai kuwa ba ka da takardar da za ka nuna wa alƙali ba tare da ka tona kanka ba.

Kayan da ka ambata, dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, da kabeji da karas, nan ne muke ja maka birki. Daga Jos zuwa Legas ya kai kilomita dubu, daga Legas zuwa Akra kusan 460, da iyaka uku a tsakani: Seme, Hillacondji, Aflao. Kwana biyu a bakin iyaka cikin zafin gaɓar teku ya isa dankali ya fara zufa a buhu, ɗaya ya ruɓe ya kama na kusa da shi. Sannan kayan gwari a kasuwannin kudancin Gana a hannun mata suke. Kowane kaya da sarauniyarsa, ita ke tsara motar da za ta sauke yau da wadda za ta jira gobe, kuma mai ɗanyen kaya ba ya iya jira. Hannun 'yan Zango ya fi ƙarfi a albasa, da shanu da tumaki a kasuwar Tulaku ta Ashaiman, da goro, da hatsi, da yadi da hula da takalmin fata. Busasshen kaya kamar citta da barkono da wake ya fi jure hanya. Masara da ɗanyar fata suna cikin abin da Najeriya ta hana fitarwa, kada direba ya cika maka gurbi da su.

Takardu kuwa, daga gida ake gama su. Rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, da fom ɗin NXP ta bankinka, da shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS. A tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS, amfanin gona da ba a sarrafa ba da dabbobi da aikin hannu suna shiga ba kuɗin fito, kayan masana'anta kuwa sai an yi wa kamfanin rajista a tsarin an ba shi shaidar asalin kaya. Yafe kuɗin fito bai yafe harajin cikin gida ba, bai kuma yafe kuɗin ratsa Binin da Togo ba. Abin da ya fi tsayar da mota shi ne adadin buhu a takarda ya saɓa da na cikin mota, ko a haɗa kaya iri biyu a rubuta ɗaya. Kai kanka ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, mota kuma da inshorar ECOWAS. In zamanka zai kai kwana 90 sai izinin zama da katin baƙi, wanda ake yanka kan dala 120. Ɗaki ko sito, masu gida kan nemi kuɗin shekara biyu gaba ɗaya ko da yake doka wata shida ta ce. Fili kuwa baƙo haya kawai yake samu, ba ta wuce shekara 50.

Sai kuɗi, inda riba ta fi zubewa. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6 na kuɗin Gana, zuwa Nuwamba ta haura 14. A Disamba hauhawar farashi ya kai kashi 54 cikin 100, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, ta sauya wa masu bin ta bashi a gida takardunsu, a Mayun 2023 asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3. Wanda ya ba da kaya bashin mako uku a wancan lokaci, kuɗinsa cif aka biya shi, amma ba su sayi abin da ya kawo ba. A 2025 abin ya juya, cikin 'yan makonni dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa wajen 10, waɗanda suka ɓoye dala suka ji a jikinsu. Naira ma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba. Dabarar tsofaffi ita ce kada ka koma da kuɗi, ka koma da kaya: a ranar da aka biya ka, ka sayi goro ko wani abin da ke tafiya a gida. In dole sai kuɗi, ka canza sau ɗaya a wurin canji mai lasisi. Naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi, kowane juyi da abin da yake yankewa. Tsabar kuɗi da ta wuce dala dubu 10 sai an bayyana ta a iyaka. Biyan yau da kullum ta waya ake yi, MoMo, kuma harajin tura kuɗi da aka sa a 2022 an soke shi a 2025.

Ka sa ido a arewa kuma. Albasar da Gana ke ci da yawanta daga Nijar take, ta yankin Galmi. Juyin mulkin Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya sun rufe hanyar Binin, albasa ta yi tsada a Akra. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ECOWAS, Mahama kuma ya naɗa musu wakili na musamman ya ziyarci ƙasashen uku, don kayansu na bi ta tashar jirgin ruwa ta Tema, tumatir da dabbobinsu kuma na sauka kasuwanninmu. Duk lokacin da waccan hanya ta cije, albasar Aliero da ta Sakkwato kan samu shiga, kuma mai mota a shirye shi ke cin wannan kasuwa.

In ka yanke shawarar gwadawa, ka fara da rabin mota na busasshen kaya, ka haɗa da wani wanda ya saba bin Aflao. Ka aiko mana da irin kayan, da nauyin buhu a kilo, da watan da kake son tashi, sai a nema maka maigida a ɓangaren da ya dace, ku yi magana ta waya ku yanke lada kafin ka biya kuɗin mota.