Hoton awon jinin Inna ba ya fitowa, me za mu yi?

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto mini. Mahaifiyarta tana wani ƙauye a ƙasar Ringim, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Ta sayi na'urar awo guda biyu, ta hawan jini da ta suga, ta aika gida, ta ɗora wa autansu aikin gwada Inna ya turo hoto ta WhatsApp. Ta ce hoton kullum ko dai hazo-hazo, ko farin haske ya rufe lambobin, har abin ya kai su ga cacar baki da yaron.

Ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri. Ki fara sassauta wa auta. Fuskar irin waɗannan na'urori, musamman masu araha, ba ta da fitila a ciki. Baƙaƙen lambobi ne a kan gilashi mai ruwan toka. A ɗakin Inna mai ƙaramar taga, wayar za ta kunna filasha da kanta, hasken ya daki gilashin ya dawo, sai ki ga farin tabo daidai inda lambar take. To ya kashe filasha. Ya fito da na'urar bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, inda akwai hasken gari amma rana ba ta dukan gilashin. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya goge idon kyamara da gefen rigarsa (ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne rabin matsalar), ya riƙe wayar sama da na'urar kamar taƙi guda, ya taɓa lambobin a fuskar wayar har su washe, sannan ya ɗauka. Idan ya ga inuwar kansa a gilashin, ya ɗan karkata wayar. Da dare kuwa wani ya haska tocila daga gefe.

Kada ya matso ya cika hoton da lamba kaɗai. Wannan ne inda na fi so ki kula. Lambobin nan idan aka juya su sama ta koma ƙasa, wasu suna rikiɗa: sugan da ya nuna 89 sai a karanta shi 68. Na farkon lafiya lau ne, na biyun ya faɗo ƙasa da 70, inda ake cewa suga ya yi ƙasa a nemo abu mai zaƙi. Idan maɓallai da sunan na'urar sun fito a hoton, babu wanda zai ruɗe. Haka ma ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Su ne ke nuna ma'aunin da aka auna sugan da shi. A Ingila kin saba da mmol/L, amma na'urorin suga da yawa a kemis ɗin Kano mg/dL suke nunawa, kuma tsakaninsu ninki 18 ne. Ɗan ɗigon da ke tsakanin lambobi shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa a hoto mai hazo: 12.5 a ma'aunin Ingila daidai yake da 225 a ɗaya ma'aunin, amma idan ɗigon ya ɓace sai ki ga 125 ki ɗauka mg/dL ne, ki kwanta da kwanciyar hankali. A na'urar hawan jini kuma layi uku ne, SYS (babbar lambar awon jini) a sama, DIA (ƙaramar lambar) a tsakiya, bugun zuciya a ƙasa, dukansu su fito.

Na'urar takan mutu da kanta bayan ɗan lokaci. Ba sai an sake huda yatsar Inna ba. Yawancinsu suna da maɓallin M da ke dawo da awon baya. Sai dai kada ki dogara da kwanan watan da ke jikinta, domin da an canza batir yakan rikice. Abin da nake ba mutane shawara shi ne littafin makaranta mai rahusa. Auta ya rubuta rana da lokaci da lambar, da ko kafin karin kumallo ne ko bayansa, ya ajiye na'urar a kan shafin ya ɗauke su tare. Wajen turawa ya danna alamar HD don kada WhatsApp ya matse hoton sosai. Idan sabis ya yi wuya sai an fita bakin titi, ya tara na kwana uku ya turo lokaci guda. Kuɗin data kuwa a wuyanki yake, kada ki jira sai ya roƙa.

Hoto mai kyau ba ya gyara awon da aka yi ba daidai ba. Inna ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, hannunta a kan matashi daidai ƙirji, ba ta magana. Kada a gwada ta tana dawowa daga rijiya, ko goro na bakinta. A bar rabin awa bayan goro ko shayi. A gwada sau biyu, minti ɗaya tsakani. 'Yan takardun gwajin suga kuma a duba ranar lalacewarsu, a rufe kwalbar da kyau, a nisanta ta da zafi, domin ɗakin kwano a watan Afrilu a Jigawa yana iya ɓata su.

Sai maganar da wataƙila ba za ta yi miki daɗi ba. Na san kina ganin ana awon nan kullum a wajen aikinki, amma kada ki zauna a can kina cewa a ƙara ƙwaya ko a rage. Littafin nan na malamin asibitin da ke duba Inna ne, a riƙa kai masa duk ranar zuwa. Idan awon hawan jini yana yawan kai 140/90 ko sama, a kai ta a duba ba sai ranar ta zo ba. Idan ya kai 180/120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko rashin ƙarfin hannu ɗaya, ko na'urar suga ta rubuta HI ko LO (wato suga ya hau ko ya sauka fiye da yadda za ta iya aunawa), ki faɗa wa auta tun yau cewa wannan ba lokacin ɗaukar hoto ba ne. Ya nemo mota a tafi babban asibitin Ringim, ya kira ki daga hanya.