Ƙawata motocin Japan ba shirme ba ne

Malam, ka tambaya ko ƙawata motocin Japan irin su Honda Civic da Toyota Supra abin mutunci ne. Ni kam a ganina sha'awa ce mai daraja. Mutumin da zai kwashe makonni yana goge jikin mota kafin fenti, yana gwada rim da tayoyi har su zauna daidai, ai gwaninta yake nunawa, ko da bai taɓa inji ba. A Amurka, baje kolin motoci da kayan ƙawata su mai suna SEMA da ake yi duk shekara a Las Vegas cike yake da irin waɗannan motoci. Abin da ke damuna shi ne salansa mai ƙara da ke hana maƙwabta barci, da sauke mota ƙasa har ta riƙa gogar kwalta.