Ku Tambayi Kawu: Yayana na son barin Kanada, wai sanyi da tsada

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwa ne nan Tahoua, ina da ɗan shago ina saida kayan masarufi. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya shina Kanada garin Monreyal, ya daɗe can har matar shi ta bi shi sun haifi yara biyu, kuma shi ke riƙe da gidanmu, maganin tsohuwa da kuɗin lakkol na ƙannenmu duk shi ne. To tun bara in mun yi waya maganar shi guda ce, wai ya gaji, sanyi da tsadar rayuwa sun ishe shi, ko ya koma wani gari ko ya kwaso iyali ya dawo gida gaba ɗaya. Kawu ni dai wallahi ban gane ba, mu nan Afrilu da Mayu rana na neman kashe mu ga ɗaukewar kuran, mutum na inda babu zafi babu ƙura albashi ya fi miliyan ga wata ya ce ya gaji? Tsohuwa har ta fara cewa ko sammu aka yi mishi ko kuwa matar ce ke zuga shi. Ni kuma da ma ina jiran ya samo mani hanya in bi shi. Dan Allah mi ke sa mutanen can tunanin tashi, kuma mi za mu ce mishi?

Wani mai karatu daga Tahoua

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara zuwa ka kwantar wa tsohuwa da hankali, babu sammu a nan, kuma a ƙyale baiwar Allah matar shi ta sarara, mu dai abu kaɗan sai mu ce mace ce. Maganar da yayanka ke yi ’yan ƙasar ma haifaffun can suna yin ta, wasun su kuma ba su tsaya ga magana ba sun tashi.

Sanyin da ka sani shi ne na hunturun Ader, wanda da asuba za ka ga dattijai sun kewaye wuta da rawani har hanci, ƙarfe goma ta yi kowa ya tuɓe rigar sanyi ya shiga harkar shi. Na can daban ne. A Monreyal cikin Janairu ma’auni kan zauna wajen 10 ƙasa da sifiri, akwai ranakun da yake sauka 25 ƙasa da sifiri, in iska ta taso ya fi haka a jiki. Firizan da mai saida ƙanƙara ke daskarar da ruwa a ciki 18 ƙasa da sifiri ne, to ka ɗauka wasu ranakun cikin firizan ya fi titi ɗumi. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara ta kai wajen mita 2 in an haɗa, kuma abun na farawa tun Nuwamba ba ya sakin mutane sai Afrilu. Cikin Disamba ƙarfe huɗu da ’yan mintuna rana ta faɗi, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, azahar da la’asar da magariba duk suna riskar shi wurin aiki. Likitocin can sun san wani ciwon damuwa da ke zuwa da ƙarancin hasken rana, kuma mu masu baƙar fata jikinmu ba ya samun bitamin D isasshe a irin wannan yanayi sai an haɗa da magani.

Amma ni a ganina da sanyin ne kaɗai da ya jure, ai ya jure shekarun nan duka. Abun da ba ku lissafawa shi ne sanyin nan kuɗi yake ci. Gida sai an ɗumama shi dare da rana wata biyar, a Kebek, lardin da Monreyal take ciki, mafi yawa da lantarki ake yi, takardar kuran ta Janairu in ka gan ta sai ka yi salati. Yaro kowace shekara sai sabon takalmin ƙanƙara da sabuwar babbar riga da safar hannu don ya girma na bara sun matse. Mota doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai an sa mata tayoyin sanyi, wato taya huɗu daban da na sauran watanni, gishirin da ake watsawa a titi kuma yana cinye ƙarƙashin motar da tsatsa. Da safe kafin ya tafi aiki sai ya ɗauki shebur ya tono motar daga cikin ƙanƙara ya kankare gilashi, in kuma ya bar ta gefen titi daren da za a kwashe ƙanƙara bai lura da allon ba, ya tashi ya tarar an janye ta ga tara tana jiran shi.

Yanzu mu zo ga miliyan ɗin nan da ke tsaye maka a rai. Gaskiya ne, a Mayun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi a Kebek dalar Kanada 16.10 a awa, wanda ke aiki awa 40 a mako zai tashi da wajen 2,800 a wata, in ka juya su sefa sun haura miliyan. To amma ba a hannun shi suke sauka haka ba, gwamnatin tarayya ta cire harajin ta, ta lardi ta cire nata, an cire na fansho da na inshorar rashin aiki tun kafin kuɗin su shiga banki. Abun da ya rage in ya shiga kanti ya sayi riga ko waya ko tukunya, farashin da ke rubuce ba shi zai biya ba, wurin biya ana ɗora mishi kusan kashi 15 cikin ɗari. Sai uwa uba haya. Mai iyali da ke neman gida mai ɗaki biyu yanzu a Monreyal in aka ce mishi 1,500 ko fiye ba abun mamaki ba ne, a Toronto kuwa ɗaki ɗaya da falo ya haura 2,000 a shekarun nan. A Yunin 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 8.1, babban bankin su ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har kashi 5 a Yulin 2023, waɗanda suka ci bashi suka sayi gida suka ga biyan wata ya yi tsalle, masu gidajen haya kuma suka juye nauyin kan ’yan haya. A cikin ragowar ne yake tsame abun da yake aiko maku, shi ya sa nake cewa ka daina ninka albashin shi da sefa, tambaye shi nawa ke saura ranar 28 ga wata.

Shaidar da ta sa na ce kuɗi ne ya fi sanyi, duba inda mutanen ke komawa. A shekarun nan dubban mutane sun bar lardunan Ontariyo da Birtish Kolombiya sun koma lardin Alberta, alhali Edmonton, babban birnin Alberta, ta fi Toronto ta Ontariyo sanyi nesa ba kusa ba, 30 ƙasa da sifiri ba baƙon abu ba ne gare su. Abun da ya ja su gidaje sun fi araha, kuma lardin ba ya ɗora nashi harajin saye, na tarayya ne kawai kashi 5. Gwamnatin Alberta da kanta a 2022 ta je ta manna tallace-tallace a Toronto da Bankuba ta Birtish Kolombiya tana kiran mutane. Suka amsa kira suka cika Kalgari, wani babban gari na Alberta, haya can ma ta tashi. A Amurka kuwa tafiyar kudu ake yi, bayan ƙidayar 2020 jihar Niyok da Ilinoi kowacce ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai, inda ake raba kujeru bisa yawan mutane, Teksas ta ƙaru da biyu, Fulorida da Karolina ta Arewa ɗaya ɗaya, kuma Teksas da Fulorida ba su karɓar harajin albashi na jiha. ’Yan Nijar ma ai kowa ya san yadda suka taru a Girinsboro ta Karolina ta Arewa, ba banza ba. Tsofaffin Kanada masu hali su nasu cin rani suke yi, sanyi na shigowa su gangara Fulorida sai Afrilu su dawo.

Akwai kuma abubuwan da ba lallai ya faɗa maka a waya ba don kunya ko don kar tsohuwa ta shiga damuwa. Da yawa cikin namu sun tafi da digiri, injiniya ko likita ko malamin makaranta, suka tarar sai ƙungiyar masu sana’ar ta ba su lasisi kafin su taɓa aikin, shekaru na tafiya suna ɗaukar kaya a sito ko tuƙa taksi. In matar shi malama ce mai sa hijabi, dokar da Kebek ta yi a 2019 ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati sa alamar addini a wurin aiki, ka ga ƙofa ɗaya ta rufe. Asibiti kyauta ne da kati, amma samun likitan iyali sai an shiga layi mai tsawo, sashen gaggawa kuma mutum na iya kwana zaune. Yara babu kaka babu gwaggo babu maƙwabciyar da za a ce riƙe mani shi in je in dawo, komi sai gidan reno, mai arahar kuma sai an jira gurbi. Suna ko rasuwa ta faru gida sai dai a waya, jirgi babu kai tsaye zuwa Yamai sai an yada zango Kasabalanka ko Istambul, tikitin mutum huɗu kuwa tarin shekara ne. Kuma namiji in ya fara furfura a can yakan fara tunanin inda za a binne shi, ya ga yadda ake bin mutane da karo-karo in za a kai gawa gida. Ya kuma ga in ya yi wa ɗan shi Hausa sai ya amsa mishi da Faransanci.

Abun da za ku ce mishi, kar ku ce ya zauna dole kar ku ce ya taho gobe. Ku tambaye shi takardun shi. In katin zaman dindindin gare shi, doka ta ce sai ya yi kwana 730 cikin ƙasar a kowace shekara 5, in ya taho ya miƙe ƙafa a Tahoua katin na iya suɓuce mishi. Zama ɗan ƙasa na buƙatar kwana 1,095 cikin shekara 5, in ya cika bai nema ba ya nema tukun, mai fasfo shi ke da zaɓin tafiya da dawowa, yaran da aka haifa can su da ma ’yan ƙasa ne. Katin asibitin Kebek shi ma yana son mutum ya kasance cikin lardin kwana 183 a shekara. In Alberta yake tunani ya sani Turanci ake yi can, Faransancin shi ba zai kai shi nesa ba, kuma kar ya tashi sai aiki na hannu.

In gida ne, kai da ke kasuwa ka fi ni sanin halin da ake ciki tun 2023 da hanyar Kwatano ta rufe kaya suka koma zagayowa ta Lome, ka faɗa mishi farashin buhun shinkafa da na siminti da kuɗin lakkol mai zaman kanta a Yamai ba tare da ka rage komi ba. Ni da zai ji tawa, ya zo shi kaɗai cikin Afrilu, ba Disamba lokacin daɗi ba, ya yi wata biyu ya kwana cikin zafin ya ga ko sana’ar da yake mafarki za ta ɗauki gida biyu. Ku kuma ƙannen da suka tasa ku fara rage mishi kaya, ka ɗauki maganin tsohuwa a wuyanka ko na wata shida ne ka ga ko muryar shi ba ta canza ba a waya. Maganar ya samo maka hanya kuwa ajiye ta gefe, shagon ka na ciyar da kai, kuma tsarin ɗaukar nauyin dangi na Kanada mata da ’ya’ya da iyaye ya fi shafa, ƙane baligi ba ya shiga sai a wasu yanayi ƙalilan.

Tambaya

Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce nan Yamai unguwar Bobiyel, na samu bak bana, babana ya ce zai saida fili ya tura ni Kanada karatu, wai in na je zan riƙa aiki ina biyan sauran da kaina. Zai yiwu?

Wata mai karatu daga Yamai

Amsa

Lafiya lau ’yata, barka da samun bak. Da wannan lissafin bai yiwuwa. Tun Janairun 2024 Kanada ta sa iyaka ga yawan bizar ɗalibai, kuma kuɗin zama da ake son ɗalibi ya nuna ta ɗaga su daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a lokacin, ban da kuɗin makaranta ban da na jirgi, Kebek kuma tana da nata sharuɗɗan da takardar amincewa daban. Aikin da aka yarda ɗalibi ya yi a wajen makaranta lokacin karatu awa 24 ne a mako, wanda da ƙyar ya biya maki ɗaki da abinci balle kuɗin jami’a, kuma na baƙi ya ninka na ’yan ƙasa sau da yawa. Ki ce wa Baba kar ya saida filin sai kun zauna kun rubuta kuɗin shekara uku cif a takarda. In bai kai ba ki yi digirin farko nan Jami’ar Abdou Moumouni ko Dakar ko Maroko, ki dage ki fito da maki mai kyau, sai ki nemi tallafin karatu na digiri na biyu.