Tambaya Da Amsa: Inji Ɗaya Zan Ɗora Wa Jirgina Ko Biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni mazaunin Rafin Guza ne nan Kaduna, bana nayi ritaya aka biya ni ɗan abin da ya samu, shine nake so in sayi jirgin ruwa na fiba in kai dam ɗin Shiroro ƙanen matata ya riƙa ja, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu ranar kasuwar Zumba. To dillalin yace in ɗora inji biyu masu ƙarfin doki 40-40, wai ko ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa ɗayan zai fitar da mu, shi kuma yaron ya kafe akan guda ɗaya mai doki 75 ya fi. Wallahi kaina ya ɗaure, kuma kuɗin nan su kenan gare ni. Dan Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a ritaya. Ba zan ja ka da nisa ba, maganar ƙanen naka ce ta fi kusa da daidai, amma tsoron da dillali ya taso da shi gaskiya ne, mutuwar inji a tsakiyar ruwa da mata da yara a ciki ba abin wasa bane. Shawarata ka sayi babba guda ɗaya, sannan ka ƙara da ɗan ƙarami mai doki 15 na ko-ta-kwana, da tankinsa daban.

Kaga lissafin 40 da 40 ya zama 80 a takarda ne kawai yake aiki. Kowane inji yana da ƙafarsa da ke nutse cikin ruwa, mai ɗauke da giya da farfela, kuma ruwa yana riƙe ƙafar nan, to in ka sa biyu ka ninka abin da ruwan zai riƙe, shi yasa sau da yawa mai 75 ɗin zai yi gudu daidai da su ko ma ya wuce su. Sai maganar mai, wadda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ita ce ke cinye ribar masu jirgi. Irin injinan nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, su Yamaha Enduro da aka fi gani a kwatocinmu, mai doki 40 in aka buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa, biyu sun tashi lita 40 kenan, shi kuwa mai 75 lita 30 da 'yan kai ne. Ka lissafa wannan bambancin a kowane sawu har shekara ta zagayo, kuma kuɗin fasinja ba ƙaruwa zai yi ba don an ga inji biyu a bayan jirgi.

Gyara ma haka, komai biyu-biyu, fulogi, man giya, kafireta, 'yar robar nan da ke jawo ruwan sanyaya inji, ga kuɗin makaniki, kuma kusan duk awa 100 na aiki ana so a yi sabis. Ga tuƙi, waɗannan injinan da hannu ake riƙe su, mutum ɗaya ba zai riƙe hannu biyu yana daidaita wutar kowanne yana kuma kallon gabansa ba, sai dai a haɗa su da ƙarfe a sa sitiyari, wani kuɗin ne kuma, sannan ba kowane jirgi ne bayansa ke da faɗin da zai ɗauki biyu ba.

Amma abin da nafi so ka gane Alhaji shine abin da ke kashe inji a ruwanmu. Galibi gurɓataccen mai ne, fetur ɗin jarka da ruwa ko datti ya shiga, in kuwa injinan biyu tanki ɗaya suke sha ko jarka ɗaya aka zuba musu to tare za su yi tari su mutu, ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintoci. Na biyu kututture. Dam ɗin Shiroro da aka buɗe a 1990 akan kogin Kadunan nan namu daji da gonaki ya shanye, haka Kainji tun 1968, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, da rani ruwa ya ja sai su matso sama ba a ganinsu, kuma ƙafafu biyu da ke jere kusa da juna abin da ya daki ɗaya da wuya ya bar ɗayar. Shi ɗan ƙaramin kuwa a ɗage yake sama da ruwa, bai shan mai, bai cin duka, sai ranar da aka neme shi. Nauyinsu shi da babban zai zo kusan ɗaya da na 40 guda biyu, wannan kam ba riba a ciki, kuma ƙaramin ba zai yi gudu ba, a hankali zai kawo ku kwata, to ai mai 40 guda ɗaya ma in jirgi ya cika da buhunan doya da mutane rarrafen zai yi. Sharaɗi ɗaya ne, a riƙa tayar da shi duk sati, don man da ya daɗe kwance a kafireta toshe ta yake yi.

Inji biyu suna da wurinsu, manyan jirage masu fita teku ta Legas ko Bonny inda ba a hango gaɓa ga igiyar ruwa, can ana haɗa su farfelar ɗaya na juyawa dama ɗayar hagu, kowanne da tankinsa da batirinsa. Aikinka bai kai nan ba.

Kuma dan Allah, ina roƙonka, rarar kuɗin ka sayi rigar ruwa ta kowane fasinja har da ƙanana na yara. Jirgin da ya nutse a Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Patigi a Kwara a Yunin 2023 da ya ci rayuka sama da 100 na masu dawowa daga biki da dare, duk an yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ka ja wa ƙanen naka kunne tun yanzu akan lodi da dare, ko da fasinjoji sun yi ta magiya. Ka kuma zauna da sarkin ruwan kwatar da za ku tsaya ka ji yanayin tsaro, ka san halin da yankin Shiroro yake ciki.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni daga Barnawa nake, mijina masunci ne a dam ɗin Kangimi, muna so mu sayi inji na hannu don sabo ya fi ƙarfinmu, me zamu duba?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya buɗa. Kar ku biya sai an tayar da shi a cikin duron ruwa a gabanku, kuma yana sanyi, mai gidan ya taɓa shi da hannu tukuna don wasu sukan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Kar ku yarda a tayar a busasshe, robar famfon ruwan take ƙonewa. Da ya tashi ku kalli ɗan siririn ruwan da yake tsartowa ta gefe, in bai fito da ƙarfi ba inji zai yi zafi. Sai a kwance ɗan kusan da ke ƙasan ƙafar a ɗigo man giya a tafin hannu, in ya fito fari-fari kamar an zuba madara to ruwa na shiga giyar, in kuma da ɓarɓashin ƙarfe ku haƙura da shi. Ku auna tsayin bayan kwale-kwalen kafin ku tafi, akwai mai gajeriyar ƙafa inci 15 akwai mai doguwa inci 20, kuma ku tafi da makanikinku na jirgi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.