Re: Zuwan Luka Doncic Lakers, ko zai kawo kofi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko musayar Anthony Davis da Luka Doncic a Fabrairun 2025 ta isa ta kai ƙungiyar Lakers ga kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Ni dai a ganina ba ta isa ba, duk da cewa Lakers ce ta ci riba a cinikin.

Duba abin da suka bayar. Davis ne mai tsare musu gindin kwando, da ya koma Dallas sai wurin ya zama wayam. Sun nemi Mark Williams daga Charlotte don ya toshe giɓin, cinikin ya rushe a gwajin lafiya. Da suka haɗu da Minnesota a zagayen farko na wasannin neman kofi a 2025 kuwa, 4-1 aka yi waje da su. A wasa na biyar Rudy Gobert na Minnesota ya ci maki 27, ya cafke ƙwallo 24 da suka faɗo daga kwando, babu wani dogo da zai ce masa kanzil. Luka da LeBron James, ɗaya tauraron na Lakers, kuma kowannensu ya fi sakewa in ƙwallo na hannunsa, ga shi ƙwallon ɗaya ce.

Duba yadda tsaro ya yi tasiri a wasu ƙungiyoyin: Toronto da ta ɗauki Kawhi Leonard a 2018 dama tana da tsaro, ta ƙaro Marc Gasol, sannan kofi ya zo a 2019. Milwaukee kuwa ta saki Jrue Holiday, gwanin tsaro, don ta samu Damian Lillard, sai ga Holiday ya ɗaga kofi da Boston a 2024.

Saboda haka ka sa ido kan wanda zai tsare wa Lakers gindin kwando tukuna.